Yadda ake gyara ƙarfen matakalar bene idan ya fara girgiɗi

Ƙarfen da ake dafawa a matakalar bene ba ya faɗuwa rana ɗaya. Sai ya yi watanni yana girgiɗi, mutanen gida suna ta cewa "a bi a hankali", har ranar da yaro zai jingina da shi. Gyaran kuwa yawanci bai wuce aikin yini guda ba, in ka cire kwanakin jiran siminti.

Fara da gano inda ciwon yake. Kama ƙarfen da hannu biyu ka jijjiga, wani ya tsuguna yana duba gindin kowace ƙafa, duk wadda ta motsa ya sa mata alama da alli. Sannan ka bi su kana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa tangararau take, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ɗif, ɓawo na zubowa. Kusan kullum a gindi matsalar take, domin nan ruwan goge-goge ke kwanciya, in benen waje ne kuma ruwan damina. Yawancin ƙarafan nan bututu ne, tsatsa kan cinye su ta ciki alhali fenti na sheƙi a waje.

Idan ƙarfen lafiya lau, simintin gindinsa ne ya saki, wannan aikinka ne. Fasa kewayensa a hankali har zurfin santimita 8 zuwa 10, ka kwashe ɓaraguzan, ka share ƙura tas, ka jiƙa ramin. Busasshen rami shanye ruwan kwaɓi yake yi, sai gyaran ya tsage. Kwaɓa siminti awo 1 da yashi awo 2, kada ya yi ruwa-ruwa. Kafin ka zuba, rataya igiya mai ɗaure da dutse kusa da ƙarfen ka ga ya tsaya cak, ka tokare shi da katako. Cusa kwaɓin da guntun rodi har ya cika kowane lungu, ka ɗan tudunta samansa yadda ruwa zai riƙa gangarewa. Kwana 3 kada kowa ya dafa, kwana 7 kana yayyafa ruwa safe da yamma. Da hunturu ka lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhu, iskar lokacin busar da siminti take yi tun bai kama ba.

In gindin ya ruɓe, sai mai walda. Nan ne ake cutar masu gida. Mai gaggawa zai ɗiga walda sau uku a kan tsatsa, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Tsaya a kansa ka ce, "Malam, a yanke har inda ƙarfe yake da rai." A zura guntun bututu ko rodi mai kauri a ciki ya haɗa tsohon da sabon, a zagaye mahaɗar da walda gaba ɗaya, a goge ta yi sumul don kada ta yanki hannu ko ta kama mayafi. Kafin ya kunna inji, rufe tayil da falanki, tartsatsin walda kan bar baƙin tabon da ba ya fita. A kawar da jarkar fetur ta janareta, a kuma kori yara, kallon hasken nan kan hana ido barci da dare.

Tunda mai walda ya zo, auna tazarar sandunan tsaye. Kada ta wuce santimita 10, in ta fi haka kan ƙaramin yaro zai iya shiga, sai a ƙara sanda. Tsayin ƙarfen kuma kada ya gaza santimita 90.

Sai fenti. Kankare tsatsa da burushin ƙarfe, ka bi da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ka goge ƙurar. Fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ka bari ya kwana, sannan ka shafa fentin mai, shafi biyu marasa kauri. Kada ka yi ranar da ƙura ta taso, duk a jikinsa za ta manne.

Wanda madafarsa ta katako ce, in sukuru ya daina kamawa, cire shi ka cusa tsinke da gam a ramin, ya bushe ka mayar. Amma in ka danna katakon ka ji ya lotsa, ko ka ga ƙasa-ƙasa na fitowa, gara ce. Kira kafinta ya cire wannan ɓangaren ya sa sabo, a shafa masa maganin gara kafin a ɗaura, a kuma duba ƙofofi da tagogin da ke kusa.