Yadda Ake Haɗa Femikan, Guzurin Fataken Fatu a Kanada

Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Metis (jikokin auratayyar Turawa da 'yan asalin Kanada) da muke maƙwabtaka da ita a birnin Winnipeg ce ta koya mini wannan abinci. Da ta ga kilishin da aka aiko mini daga gida, sai ta ce ai kakanninta ma suna da irinsa, nasu dai babu yaji babu ƙuli. Sunansa femikan, daga kalma mai nufin kitse a yaren Cree, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar.

Ki samu jan naman sa wanda babu kitse ko kaɗan a jikinsa. Su da naman baunar Amurka suke yi, amma na sa ya wadatar. Ki yanka shi falle-falle, siriri kamar za ki yi kilishi. Ki shanya a rana idan kina inda take da ƙarfi, ko ki jera a obin kan wuta mafi ƙanƙanta, ki ɗan bar ƙofar a buɗe ya kwana. Sai ya bushe ƙayau, in kin lanƙwasa ya karye. A nan na yi kuskure karon farko: na yi gaggawa, ragowar danshi ta sa ya yi funfuna cikin mako biyu. Kilo 3 na ɗanyen nama zai dawo kusan kilo 1, kada abin ya ba ki tsoro.

Sai daka. Ki zuba a turmi ki yi ta bugu har ya zama kamar dambun nama, ko ma ya fi shi laushi. Hannunki zai gaji, kuma a lokacin za ki tuna wa ke wannan aikin a da. Tun kafin Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin ciniki a 1670, Turawa ke kwasar fatun biba, wata dabbar ruwa mai laushin gashi, don yin huluna a Turai. Amma 'yan asalin ƙasar ne ke farautar dabbar, su suka san hanyoyin koguna, su suka ƙera kwale-kwalen ɓawon bishiya da ake tafiya a ciki. Matansu kuwa su ke jeme fatu, su ɗinka takalma, su daka wannan guzurin. Matuƙin da ke tuƙi tun asuba har dare ba shi da lokacin tsayawa farauta, abin da matan Cree da Metis suka ɗura masa a jaka shi zai ci.

Yanzu kitse. Ki yayyanka kitsen sa ƙanana, ki narkar a wuta kaɗan-kaɗan har ya daina tsartsatsi, alamar ruwan cikinsa ya ƙone. Ki tace. Ki auna kitsen daidai da nauyin dakakken naman, ki zuba da ɗuminsa kina juyawa har kowane ɓurɓushi ya jiƙa. Su kan ƙara busassun 'ya'yan itacen saskatoon. Ni zabibi nake sawa in ban samu ba. Gishiri ra'ayinki ne.

Ki danna shi sosai a faranti, ya huce, ki yanka gunduwa-gunduwa ki adana inda iska ba ta shiga. A da cikin jakar fatar bauna ake ɗinke shi, kowace jaka wajen kilo 40, ya yi shekaru bai lalace ba. Darajarsa ta kai an zubar da jini a kansa. A 1814 gwamnan Turawan da suka zauna a yankin Red River, Miles Macdonell, ya hana fitar da femikan daga yankin, abin da ya taɓa cinikin Metis da Kamfanin North West, abokin gasar Hudson's Bay a cinikin fatu. Ranar 19 ga Yuni 1816 aka gwabza a Seven Oaks, cikin Winnipeg ta yau. Cuthbert Grant ya jagoranci Metis, aka kashe Gwamna Robert Semple na Kamfanin Hudson's Bay da mutanensa kusan 20. Duk sanda na bi ta wajen dutsen tunawa da faɗan sai na tuna turmina.

Gaskiya cin sa haka nan sai wanda ya saba, yana manne wa dasashi. Na fi son yadda matuƙan ke yi: a gutsura a tukunyar ruwa, a kaɗa ɗan fulawa, a tafasa ya zama romo mai kauri da suke kira rubabu. Ni har albasa da attaruhu nake jefawa, dattijuwar ta ɗanɗana ta nemi ruwa.