Yadda na raba karen gidanmu da jan gindi a ƙasa

Kusan wata guda karen gadinmu yana jan gindi a kan siminti, yana ta lasar ƙarƙashin wutsiya, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Na ɗauka tsutsar ciki ce, na ba shi maganinta sau biyu, shiru. Na yi masa wankan ƙuma, nan ma a banza.

Likitan dabbobi ne ya gano matsalar. Ashe kare yana da 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura, daidai ƙarfe 4 da ƙarfe 8 idan ka kwatanta da agogo. Kashi mai tauri ne ke matse su su zubar da ruwansu. Namu kuwa kashinsa ruwa-ruwa ne, saboda ragowar tuwo da miya mai maiƙo da muke juye masa, sai suka cika suka toshe.

Likita ya sa safar hannu ya matse su. Kada ka gwada da kanka, kana iya ji masa ciwo.

A gida na fara da yanke miyar gaba ɗaya, dama albasa guba ce ga kare. Sai dafaffiyar kabewa, ba gishiri ba mai, na dama ta cikin abincinsa: babban cokali ɗaya a kwana ukun farko, daga nan cokali biyu safe da yamma, don nauyinsa kilo 20 ne. Na ƙara da garin bakteriya masu amfani ga hanji, na karnuka, ƙunshi ɗaya kullum har kwana 30. Kwanon ruwansa ba ya rabuwa da ruwa.

A kwana na goma kashin ya ɗaure, warin ya ɗauke. Alhamdulillahi, na gode wa likitan nan.