Inda Ya Kamata A Samo Sabon Kare A Legas

Yawancin Hausawan da ke neman kare a Legas don gadi suke nemansa, ko mai rumbun kaya a Mile 12, ko mai garken raguna a Alaba Rago, ko magidancin da ya gina gida a bayan Agege inda ba a cika samun wuta da dare ba. Tambayar da suke fara yi ita ce wane iri za a saya, Boerboel ko German Shepherd ko Rottweiler. A ganina, tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce daga hannun wa za a karɓo shi, domin lafiyar kwikwiyo da halinsa sun dogara ƙwarai kan gidan da aka haife shi.

Wurin da zan fara hana mutum shi ne bakin titi. Na taɓa sayen wani ɗan kwikwiyo a cikin gosulo, daga hannun wani saurayi da ya miƙo shi ta tagar mota, gashinsa a taje, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. A rana ta huɗu ya ƙi cin abinci, a ta biyar ya fara amai da zawo mai jini da wani irin ƙarni, kafin mako ya cika ya mutu, yarana suna kuka. Likitan dabbobi ya ce cutar fabo ce, kuma da ita aka sayar mini da shi, tunda takan ɗauki kwana 3 zuwa 7 kafin ta bayyana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙwayar cutar tana zama a ƙasa watanni da yawa, don haka sai da muka wanke tsakar gida da bilic, muka kuma daɗe ba mu kawo wani ba.

Tallan intanet a Jiji ko Instagram ko Facebook yana da amfani wajen sanin masu kiwo da farashin da ake yayi, amma kada a tura kafin alƙalami saboda hoto kawai, domin wannan cinikin biri a sama ne. Duk wanda ya ce sai dai a haɗu a gidan mai ko a tasha, ya ƙi a zo gidansa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Idan aka sami mai kiwo da ya yarda a ziyarce shi, to a je da ido buɗe, kuma a nemi ganin uwar kafin 'ya'yan. Karyar da take a rame, ko take rawar jiki tana ɓuya idan ta ga baƙo, da wuya 'ya'yanta su tashi da natsuwa, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizon yaran gida fiye da tarar ɓarawo. A duba kejin ko akwai kashi a jibge, a duba ruwan shansu. Sannan a ɗauki kwikwiyon a hannu, a ɗaga leɓensa: dasashi mai lafiya jaja-jaja yake, idan ya yi fari fat to jini ya yi ƙaranci, galibi saboda tsutsar ciki ko kaska. A buɗe kunne da tsakanin yatsun ƙafa, nan ne kaska take maƙalewa. Kwantsa a ido, majina, kumburarren ciki a kan siraran ƙafafu, duk dalilai ne na fasa ciniki. Kada kuma a karɓi wanda bai kai mako 8 ba, ko da an rage kuɗi, domin a waɗannan makonni yake koyon zama da 'yan'uwansa.

Katin rigakafi shi ne shaidar da za a nema. Allurar farko ta fabo da sauran cututtuka ana yin ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kusan wata 4, ta haukar kare kuma tana zuwa ne a wata 3. Katin gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar maganin, da sa hannun likita da lambar wayarsa. A kira likitan a gaban mai kiwon. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, kuma yakan yarda a kai kwikwiyon wurin likitan da mai saye ya zaɓa kafin a cika kuɗi.

Akwai hanyar da mutane suke rainawa, alhali ni na fi natsuwa da ita, wato karɓa daga maƙwabci ko abokin kasuwa wanda karyarsa ta haihu. An san uwar shekara da shekaru, an san halinta, kuma idan matsala ta taso an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Karen gida, wanda ake kira ekuke a nan, yana jure zafi da damshin Legas, ba kamar Caucasian ba, wanda asalinsa na duwatsu masu sanyi ne, gashinsa mai kauri yana wahalar da shi, cinsa kuma yana iya fin ƙarfin aljihu. Asibitocin dabbobi ma sukan san wanda zai bar gari yana neman mai riƙe masa babban kare, sai dai a tambayi dalilin rabuwar dalla-dalla, musamman ko ya taɓa cizon mutum.

Kafin a ɗauko shi, wanda yake gidan haya ya nemi yardar mai gida da maƙwabta, ya kuma tanadi wuri mai inuwa nesa da inda ake salla da ajiye kwanukan abinci. Ranar da aka kawo shi, a ware masa kwanonsa, kuma kada a fitar da shi titi ko a haɗa shi da karnukan unguwa sai allurarsa ta cika.