Kurakuran da Ɗaliban Digiri na Biyu Suka Fi Yi a Fannin Injiniyancin Injuna

Kuskure mafi girma a digiri na biyu na injiniyancin injuna yana faruwa ne tun ranar zaɓen batu. Ɗalibin da ya kammala digirin farko da ƙera injin ɓare gyaɗa ko na'urar busar da tumatir da hasken rana yakan dawo da niyyar sake ƙera wani injin da ya ɗan fi na baya girma, yana ganin ya samu aikin bincike. Amma abin da ake nema a wannan mataki tambaya ce wadda ba a riga an amsa ta ba, kuma injin hanya ce kawai ta samo amsar. Maimakon ya ce zai ƙera na'urar busarwa, ya kamata ya tambayi yadda faɗin mashigar iska ke sauya saurin bushewar tumatir, ko kuma yawan zafin da ƙurar hunturu ke rage wa gilashin na'urar cikin mako guda. Da zarar tambayar ta fito fili, ɗalibi zai san abin da zai auna da kuɗin da zai kashe wajen mai walda.

Kuskure na biyu, wanda na fi damuwa da shi, shi ne yarda da ma'auni ba tare da an gwada ingancinsa ba. Ana sayen ma'aunin zafi mai waya a kasuwa, a liƙa shi jikin ƙarfe da salatif, a rubuta duk lambar da ya nuna. Gyaran ba shi da tsada: a tsoma kan wayar cikin ruwan da aka cakuɗa da dakakkiyar ƙanƙara, ya kamata ya nuna digiri 0 a ma'aunin Celsius, sannan a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa. A nan ma akwai tarko, domin ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a daidai matakin teku, amma a Zariya yana tafasa kusan a 98, a Jos kuwa kusan a 96, saboda tudun wurin. Wanda bai san haka ba zai ɗauka ma'auni mai kyau ya lalace, ya “gyara” shi zuwa kuskure. Haka kuma gwaji sau ɗaya ba sakamako ba ne. A maimaita shi aƙalla sau uku, a rubuta matsakaicin tare da tazarar da ke tsakanin awon, domin mai jarrabawa daga waje zai tambayi wannan tazarar ranar kare kundi.

Masu aiki da manhajojin zana sassan inji da gwada su a kwamfuta, irin su ANSYS da SolidWorks, suna da nasu kuskuren. Hoton sakamako mai ja da shuɗi da manhajar ke fitarwa yana burge ido, amma manhaja tana ba da amsa ko da an ba ta bayanan da ba daidai ba. Kafin a amince da hoton, a ƙara yawan gutsattsarin da manhajar ke raba sassan injin zuwa gare su domin yin lissafi, a sake lissafin har sai amsar ta daina canzawa sosai, sannan a kwatanta ta da lissafin hannu na misali mai sauƙi, kamar lanƙwasar sandar ƙarfe da aka kafe gefe ɗaya. A kuma tabbatar an yi amfani da tsarin awo guda tun daga farko, domin cakuɗa awon fam da na niyutan, wato hanyoyi biyu daban na auna ƙarfin turawa, shi ne ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbonta na nazarin yanayin duniyar Mars a 1999.

Akwai kuma ɗalibin da ke ɓuya wa malamin da ke duba aikinsa har wata shida, yana jin kunyar zuwa hannu rabbana. Gwajin da ya ƙi yin kyau ma abin tattaunawa ne, kuma malami zai iya gano matsalar cikin minti goma. Ya fi dacewa a tsayar da ranar haɗuwa duk mako biyu, a je da littafin da aka rubuta kowane awo da kwanan watansa, a fara rubuta babin hanyoyin bincike tun ana cikin gwaje-gwajen, kafin a manta girman ƙusa da nau'in ƙarfen da aka yi amfani da su.