Yadda Za Ka Bi Kakar Ƙwallon Amurka ta Ƙananan Jami'o'i Daga Zariya

Wanda ya saba da Firimiya ko Laliga, da an ce masa rukuni na uku, zai ɗauka ana nufin ƙungiyoyin da suka rikito daga sama suna fafutukar komawa. A ƙwallon Amurka ta jami'o'i ba haka tsarin yake ba. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta kasa makarantu gida uku tun 1973, kuma cin wasa ko shan kashi ba ya hawar da makaranta ko ya saukar da ita. Abin da ya bambanta rukuni na uku, wanda a kansa za mu yi magana a nan, shi ne ba a bai wa ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasansa, don haka ɗaliban gaske ne ke bugawa, masu fitowa daga aji su wuce fili.

Dokokin da kake bukata da farko kaɗan ne. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, kuma wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 15. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun yi a sabunta musu damar, in sun gaza ta koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo gidan ƙarshe, wato can ƙarshen fili a ɓangaren abokan karawa, maki 6 ne, buga ta tsakanin sanduna kuma maki 3. Wasan ma ba baƙo ba ne ƙwarai a garin nan, domin an kafa ƙungiyar ABU Titans a Jami'ar Ahmadu Bello.

Muhimmin mataki shi ne ka zaɓi ƙungiya ɗaya tak, ka riƙe ta tare da ƙawancen da take ciki, wato gungun makarantun da suke karawa da juna a kowace kaka, domin makarantun sun haura 200, kuma wanda ya ce zai bi kowa zai tashi bai san kowa ba. Mutane da yawa sukan ruga wajen Mount Union ta jihar Ohayo saboda kofunanta 13, waɗanda 11 daga ciki koci Larry Kehres ne ya ciyo su. Ni dai ba na ba sabon shiga wannan shawara, domin yawancin wasanninta na farkon kaka tun kafin hutun rabin lokaci an san inda aka dosa. Gara ka duba ƙawancen jami'o'in jihar Wiskonsin, inda Whitewater mai kofi 6 take gumurzu da irin su La Crosse, Oshkosh da River Falls, kuma babu wanda yake shiga fili da tabbacin zai fito lafiya.

Ana farawa a farkon Satumba, a gama a tsakiyar Nuwamba, kuma yawanci wasa 10 kacal kowace ƙungiya take bugawa, kusan duk ranar Asabar. Wannan ƙarancin shi ne gishirin kakar. Zakaran ƙawance yana samun gurbi kai tsaye a zagayen sili ɗaya ƙwale, sauran kuwa sai su yi rububin 'yan guraben da suka rage, saboda haka shan kashi sau biyu a Oktoba yana iya rufe wa ƙungiya ƙofa. Ka riƙa duba teburin ƙawancenka kowace Lahadi, ka kuma lura da waɗanda aka doke, ba yawan nasara kawai ba.

Batun lokaci yana bukatar lissafi. Wasan da aka fara da 12 na rana a gabashin Amurka, ƙarfe 5 na yamma ne a Zariya. Amma daga Lahadin farko na Nuwamba, da sun mayar da agogonsu baya, sai ya koma 6, wato daidai kiran sallar Magariba, na Wiskonsin kuma 7. Kada ka sa rai da gidan kallo. Na taɓa roƙon mai wani gidan kallo a Samaru ya juya mini akwati ɗaya, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ranar Asabar, ga Firimiya?" Gaskiyarsa ce. Makarantu da yawa suna nuna wasanninsu na gida a shafukansu na intanet, sai ka tanadi data, ka rage ƙarfin hoton don kada ta ƙare tun a kashi na biyu.

Daga kakar 2024 ƙungiyoyin da ke shiga sili ɗaya ƙwale sun ƙaru daga 32 zuwa 40. Guda 16 ne suke karawa a zagayen farko, 24 suna hutu, sannan a haɗu 32 a ci gaba da zubar da rabi kowane zagaye. Ka zana jadawalin a takarda ranar da aka fitar da shi, ka riƙa soke waɗanda suka faɗi. Wasan ƙarshe ana kiransa Stagg Bowl, don tunawa da tsohon koci Amos Alonzo Stagg, kuma garin Salem na jihar Bajiniya ya karɓi baƙuncinsa daga 1993 zuwa 2017. A da a Disamba ake yin sa, yanzu ya koma farkon Janairu. In an sa shi ƙarfe 8 na dare a gabashin ƙasar, 2 na dare ke nan a nan, cikin tsakiyar hunturu, don haka ka cika cajin waya tun da rana, ka kwanta bayan Isha'i da bargo a kusa.