Ga ƙannena masu shigowa aiki Maraɗi: ku fara da takarda

Ba a yin wata guda ba a kira ni daga Katsina ko Daura ko Kano an ce mini, "Ga ɗan uwa nan zai shigo, ya samu aiki a Maraɗi, don Allah ka riƙe hannunsa." Ina riƙewa, kuma da daɗin rai, domin mutanenmu da ke nan ba su ba mu kunya ba. Akwai malaman Ingilishi da na lissafi a makarantun kuɗi, akwai ma'aikatan jinya, masu haɗa sola, masu gyaran firji, kafintocin alminiyam, teloli da akawu, kuma an san su da iya aiki. Tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a 2013 ƙafar 'yan Najeriya ta ƙaru a garin nan, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya sa samari da yawa suka fara hangen nan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kowane sabon zuwa yake faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa, bayan an gaya masa, an kuma maimaita.

Dalili ɗaya ne. Maraɗi ba ta yi maka kama da ƙasar waje ba. Ka baro Jibiya, ka wuce Magama, ka shiga Ɗan Isa, kafin ka gama gyara zama a mota ka iso. Hausa ake yi, sallar ɗaya ce, Sarkin garin ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birni a zamanin jihadi su ne suka kafa sarautar nan. Wataƙila ma kana da goggo a Tibiri ko kawu a Madarunfa. Sai zuciyarka ta ce maka gida ka zo. A wurin mutane gida ne, ba musu. A wurin hukuma kuwa kai baƙo ne daga wata ƙasa, kuma dokar aikinta da harshen takardunta ba naka ba ne.

Abinci da wurin kwana ba za su wahalar da kai ba. Ga fura, ga kilishi, ga dambu da zogale. Ɗaki kana iya samu a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Burja gwargwadon aljihunka. Ka dai karɓi rasit duk wata, ka tambaya ko mitar wutar NIGELEC taka ce kai kaɗai ko ta gida duka. Ka sayi layin Airtel ko Moov ko Zamani da sunanka, kabu-kabu ya kai ka duk inda za ka. Wannan duk aikin mako guda ne.

Lissafin kuɗi kam sai ka natsu kafin ka zauna maganar albashi. A kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya kuma sefa dubu. In mai aiki ya faɗi adadi da baki, ka roƙe shi ya rubuta maka da lamba, ya kuma ce maka kafin a cire haraji ne ko bayan an cire. Ka nemi a biya ka da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta tashi ba ta sauka, naira kuwa duk mun ga abin da ya same ta tun daga Yunin 2023. Wasu masu aiki sukan ce za su tura maka naira kai tsaye asusunka na gida "don sauƙinka." Sauƙinsu ne. Kai da sefa za ka biya haya, da sefa za ka ci abinci. Kuma ka sani mafi ƙarancin albashi a dokar Nijar sefa 42,000 ne a wata tun Janairun 2024, don haka duk wanda ya taya ka ƙasa da haka a aikin yini cikakke, ba taimakonka yake yi ba.

Yanzu ga inda nake son ku ba ni kunnuwanku duka biyu, maza da mata.

Da can mutum yakan shigo da ɗan katinsa ko takardar ECOWAS, ya shekara yana aiki ba wanda ya tanka masa. Wannan zamanin ya wuce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma mun ga waɗanda suka maƙale a nan ba albashi ba hanyar gida. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a cikin watan nan ne aka fitar da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi, mai tanadin tara da ɗauri ga wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ka zo da fasfo mai rai, da katinka na rigakafin shawara, ka bi ta ƙofa a buga maka hatimi. Kada wani ɗan acaɓa a Magama ya ce zai zaga da kai ta gona don ka tsira da kuɗin shayi. Hatimin shigowar nan shi ne tushen duk takardar da za ka nema daga baya. In ka iso, ka je wurin 'yan sanda da ƙafarka ka tambayi abin da ake bukata na izinin zama a ranar, domin sharuɗɗan suna sauyawa, kuma abin da abokinka ya yi bara ba hujja ba ce bana.

Sai kwantiragi. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka yi a 2012, ta ce kwantiragin baƙo dole a rubuce yake, kuma sai hukumar samar da aikin yi, wato ANPE, ta sa masa hannu. Nauyin kai shi can yana kan mai aiki, kai kuma naka shi ne ka matsa har ka ga kwafinka da hatimi a hannunka. A nan ne yaranmu suke jin kunya. Mai makaranta ya tarbe ka da kyau, ya ce maka "ɗana," ya kai ka gidansa kun ci tuwo, sai ka ga kamar rashin kunya ne ka ce masa a rubuta. Ba rashin kunya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin Musulmi da Musulmi. Ka faɗa da ladabi, ka ce, "Alhaji, don hukuma ne, kada a zo a same mu da laifi ni da kai." Mutumin kirki ba zai ƙi ba. Wanda ya fara cewa "sai bayan salla," ya koma "sai an dawo hutu," ka san da wa kake zaune.

Akwai wani ƙanenmu, malamin kimiyya, haziƙi ne na gaske, da ya koyar a wata makarantar kuɗi har zango ya ƙare. Da aka yi babban hutu sai albashi ya tsaya. Ya je ya tambaya, aka ce masa ai a nan watannin karatu kawai ake biya. Shi kuwa ya rantse an ce masa shekara cikakkiya. Na raka shi ofishin sufeton aiki, wanda shi ne ke fara sasanta ma'aikaci da mai aiki kafin magana ta kai kotu. Jami'in ya saurare shi har ƙarshe cikin Hausa, bai katse shi ba, sannan ya buɗe wani fayil mara komai a ciki ya tura masa gabansa, ya ce ya sa kwantiraginsa da takardun albashinsa. Yaron nan ya lalubi aljihu ya fito da waya, yana neman wani saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp kafin ya taso daga gida. Da ƙyar aka samo masa wani abu a sulhu, don mai makarantar yana gudun a tono cewa bai yi masa rajista ba. Abin da ya samu bai kai rabin haƙƙinsa ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa a ofishin nan raina yakan ɓaci.

Kwantiragin da Faransanci zai zo. Kada ka sa hannu a ranar. Ka tafi da shi, ka sami wanda ya iya, wanda kuma ba ma'aikacin wurin ba ne, ya karanta maka layi-layi. Ka san ko mai wa'adi ne ko marar wa'adi, ka san tsawon lokacin gwaji, ka san wa zai biya kuɗin takardunka. Doka ta sa awa 40 ne aikin mako, abin da ya haura ƙari ne da ake biya, kuma kana da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ka yi aiki. In an ba ka ɗaki a cikin sharaɗin aiki, ka sa a rubuta kwana nawa za a ba ka ka tashi in aikin ya ƙare, domin na ga ma'aikaciyar jinya da aka sallama da safe, da la'asar kayanta na waje.

Haka maganar CNSS, asusun fansho da haɗarin aiki. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinka, mai aiki kuma ya ƙara nasa kason da ya fi naka yawa. Ni kaina na yi aiki a wani wuri da ake cire mini kuɗin nan duk wata, yana nan a rubuce a takardar albashi, ranar da na je dubawa aka ce ba a taɓa jin sunana ba. Don haka ka nemi lambarka, ka je ofishinsu na nan Maraɗi ka tabbatar da idonka. Ranar da injin ya cinye maka yatsa ko ka faɗo daga kan rufi kana ɗaura sola, lambar nan ce kawai za ta yi maka magana. Takardun albashinka kuma ka tara su a jaka ɗaya, ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani a gida.

Shaidar karatunka ta asali kuwa, ko fasfonka, kada ka bar su a hannun kowa. Ka sa a fassara su zuwa Faransanci, ka yi kwafi, ka kai ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a buga musu hatimin tabbatarwa, waɗannan za ka riƙa miƙawa. A ƙasar nan komai da dosiye yake tafiya, wato fayil ɗin takardu, har neman izinin kwana uku sai ka rubuta takarda ta bi ta hannun shugabanka na kusa kafin ta hau sama. Kada ka tsallake shi ka je wurin babba don kun saba a masallaci. Za a yi maka murmushi, amma ka sayi gaba.

A cikin wurin aikin, abin da ya fi kayar da mutanenmu baki ne. "A Najeriya ba haka muke yi ba." Kada wannan jimla ta fito daga bakinka, ko da gaskiya gare ka. Mutanen Maraɗi 'yan kasuwa ne tun kakanni, alhazan garin nan sun yi fataucin gyaɗa da fata da atamfa tun kafin a haifi ubanka, ba sa son a zo a koya musu wayo. Ka gaida kowa da safe, daga maigadi har darakta, ka tsaya a gama gaisuwar. In an kira ka shayi a fada, wato majalisar hira, bayan an tashi, ka je ka zauna ko na kofin farko ne, domin a nan za ka ji wane ne ke da faɗa a ji a wurin, a nan kuma ake jin labarin aikin da ya fi naka. Ka koyi Faransanci ko na dare ne. Gaskiya ne tun Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, kuma abin alfahari ne gare mu duka, amma rahoto da wasiƙa da takardar banki har yanzu da Faransanci ake rubuta su, kuma wanda ya haɗa shi da Ingilishi a garin nan ba ya rasa mai nemansa.

Siyasar ƙasar kuma ka bar wa masu ita. A Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet, kan ɓata suna da yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a. Abin da ka saba rubutawa a Facebook kana Kano ba ka damu ba, a nan yana iya kwana da kai a ofishin 'yan sanda, kuma mai aikinka ba zai zo belin baƙon da ya jawo masa ido ba.

Masu aiki a shagunan alhazai da sito, ku taku ta ɗan bambanta, domin da wuya a ba ku kwantiragi. To ka riƙe littafinka na kanka, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kada ka karɓi kuɗi ko ka miƙa sai an ƙirga a gaban shaida. Ka yi hattara da cin bashin albashi tun watan farko, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da zarar ka ci, sai a fara aikenka inda ba ka so, a ce tunda kai ɗan can ne ka san hanya, ka raka wannan kaya Jibiya ta bayan gari. Tun Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara zuwa ƙasashen waje in ban da Mali da Burkina Faso, ga kuma 'yan bindiga a dajin iyakar. In duwan, wato kwastan, suka kama motar, sunan wanda ke ciki za a rubuta, ba na mai kaya ba.

In lokacin tafiya ya yi, ko ka samu wuri mafi kyau, kada ka sulale da dare kamar yadda wasu suka yi suka ɓata wa na bayansu suna. Ka rubuta takardar ajiye aiki, ka cika kwanakin sanarwa da kwantiraginka ya tanada, ka miƙa makullai da lissafi a gaban mutum biyu. Sannan ka karɓi takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta wa mai aiki ya ba ka, ka duba an rubuta ranar da ka fara da ranar da ka bari da muƙamin da ka riƙe daidai, kafin ka je tashar Katsina ka yanki tikiti.