Yadda za ka sauke girman kai kafin ka zo Jibin Ubangiji

Idan fasto ya yi sanarwa cewa Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, kada ka bari sai an fara raba gurasa sannan ka sunkuyar da kai na minti biyu ka ce ai ka bincike kanka. Tun Litinin ake fara shiri. Kuma abin da zai fi ba ka wahala ba giya ba ce ko zina, waɗannan kowa ya san sunansu, girman kai ne, don shi da farar riga yake zuwa coci kuma kujerar gaba yake zama.

Fara da Littafin Firistoci sura 16, ka karanta a hankali ko da zai gundure ka. Ranar Kafara ce, sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na 7. Babban firist zai ajiye kayan nan nasa masu zinariya da duwatsu masu daraja ya sa na lilin zalla, ya fara miƙa bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa tukuna kafin ya taɓa maganar jama'a, sai a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a, ɗaya a yanka a shiga da jininsa bayan labule, wato Wuri Mafi Tsarki, ɗayan kuma a ɗora masa hannu a ka a furta laifofin Isra'ila duka a kai shi jeji. To su jama'a me suke yi? Ko aiki an hana su ranar, sai dai su ƙasƙantar da kansu, wani ne ke shiga a madadinsu. Ibraniyawa 10 ta ƙara da cewa jinin bijimai da awaki ma ba ya ɗauke zunubi, Almasihu ne ya miƙa kansa sau ɗaya tak, magana ta ƙare.

Nan ne girman kai ke shan wuya, yana so a ce shi ma ya sa hannu a biyan bashin zunubin. Don haka ɗauki biro da takarda ka rubuta abubuwan da kake ƙirgawa a ɓoye a matsayin kuɗin fansarka. Zakkar da ba ka taɓa fashi ba, buhunan siminti da ka bayar lokacin ginin coci, shekarun da kika yi a ƙungiyar mawaƙan coci ko a Zumuntar Mata, har da cewa kakanka na cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a garinku. Duk abubuwa ne masu kyau fa, ba na cewa ka daina. Amma ba su biya ko sisi ba.

Daga nan saurari addu'arka. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, Bafarisiye, wato mai tsananin kiyaye dokokin addinin Yahudawa, da mai karɓar haraji sun je Haikali yin addu'a. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba, da gaske yana azumi sau biyu a mako yana fid da zakka, abin da ya kashe shi shi ne ya jawo mai karɓar haraji cikin addu'arsa don ya auna tsayinsa da shi. In ka ji sunan wani ya shigo addu'ar tubarka, wato "Ubangiji ka san ita ce ta fara", tsaya ka sake daga farko.

Sai mai wuyar, Matiyu 5:23-24, ka bar baikonka gaban bagadi ka je ka shirya da ɗan'uwanka. Je da ƙafarka kafin Asabar. Kada ka aika ta WhatsApp, kada ka tura matarka ko wani dattijon ikkilisiya ya je ya shafa maka, kuma don Allah bar wannan "idan na yi maka laifi ka yi haƙuri", wace irin idan? Ka san abin da ka yi. Zauna ƙasa ka ce "Yaya, na yi maganarki a wurin fitar anko, ƙarya na ƙara a ciki, ki gafarce ni", ka yi shiru, kada ka biyo da amma. In kuɗi ne ka tafi da su a hannu, ko rabi ne, ka faɗi ranar cikon. Na san an ce babba ba ya ba yaro haƙuri, maigida ya durƙusa wa yaron shagonsa ai abin magana ne a unguwa, to amma Filibiyawa 2 ta ce Almasihu, wanda yake cikin surar Allah, ya ɗauki surar bawa har mutuwa ta gicciye, kai nawa ne girman naka.

Akwai kuma wanda ya iya yi wa kowa hidima amma shi ba a isa a yi masa ba. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da aikinsu ya fara a Garkida ta jihar Adamawa a 1923, har yau suna wanke wa juna ƙafa, kuma a ganina riƙe tawul ya fi sauƙi a kan ka cire takalmi ka miƙa faso da kaushinka wani ya wanke. Bitrus ma a Yahaya 13 abin da ya ƙi ke nan, sai da Yesu ya ce masa in bai wanke shi ba ba shi da rabo da shi. Wannan makon in an kawo maka taimako karɓa ka ce na gode, ba sai ka rama gobe ba.

Ranar Lahadin in zuciya ta ce maka ba ka cancanta ba ka zauna kawai, duba da kyau, in akwai zunubin da ka ƙi saki ko ikkilisiya ta sa ka ƙarƙashin horo to sami fasto kafin sujada ku yi magana. In kuwa ka tuba ka shirya da mutane, kawai kana jira ne sai ka ƙara gyaruwa da ƙoƙarinka, shi ma girman kan ne. Je da wuri, zauna duk inda ka samu ko kusa da wanda kuka shirya a makon ne, in tiren gurasa ya iso ka ɗauka.